Tukwanen Aborijin na Ostireliya: aro ne ko gado?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a sashen zane da ƙira. Na karanta cewa 'yan asalin Ostireliya, waɗanda ake kira Aborijin, ba su san ginin tukwane ba sai da Turawa suka je musu. Amma ga shi yau ana baje tukwanensu a manyan gidajen adana kayan fasaha ana cewa fasaharsu ce. Ta yaya abin da aka koya musu jiya-jiya zai zama nasu? Ba kwaikwayo ba ne?

Amsa: Malama, abin da kika karanta akwai gaskiya a cikinsa, sai dai bai cika ba. Lokacin da jiragen Ingila suka sauka a gaɓar Sidni a 1788, ba su tarar da mutanen ƙasar suna gina tukunyar girki ko tulun ruwa ba. Tanderun gashi, faifan juyi da ruwan ƙyallin da ake shafa wa tangaran duk a ƙarni na 20 suka shiga hannunsu. Amma ƙasar da ake ginin da ita, da labarin da ake zanawa a jikin tukunyar, da dokar da ta faɗi wanda ya isa ya zana wane labari, waɗannan sun girmi zuwan Turawa da dubban shekaru. A ganina da su ya kamata a auna ko aikin nasu ne, domin su ne ke riƙe da shi.

Mu fara da gyara maganar "ba su taɓa sani ba", don ta riga ta faɗi. A 2024 wasu masu haƙar tarihi ƙarƙashin jagorancin Sean Ulm na Jami'ar James Cook da Ian McNiven na Jami'ar Monash, tare da al'ummomin Aborijin na Dingaal da Ngurrumungu masu wurin, sun bayyana abin da suka tono a tsibirin Jiigurru da ke gefen gaɓar arewacin Queensland. A cikin wani tsohon jujin ɓawon halittun teku mai zurfin fiye da mita 2 sun sami tsingaro 82, masu shekaru tsakanin kimanin 1,800 zuwa 3,000. Da aka duba yumɓun da yashin da aka gauraya masa, sai aka ga daga yankin aka ɗebo su. Ke nan a nan aka gina tukwanen, a zamanin da mutanen kudancin Papuwa Niyu Gini su ma suke gini. Daga baya sana'ar ta ɓace a wurin. Wannan tsibiri ɗaya ne, bai isa a ce dukan nahiyar ta yi gini ba, amma ya isa ya rushe da'awar cewa hannun Aborijin bai taɓa gina tukunya ba.

Akwai kuma 'yan kasuwar Makasar na tsibirin Sulawesi, waɗanda suka yi ta zuwa gaɓar arewa kowace shekara tun a ƙarni na 18 har zuwa 1907, suna kamun wata halittar teku da ake busarwa a sayar wa Sinawa. Da tukwanensu suke zuwa, har yau ana tsintar fasassun a wuraren da suka yi zango. Mutanen Yolngu, Aborijin na wannan gaɓar, sun karɓi gatarin ƙarfe da kwalekwalen sassaƙe daga hannunsu, har da kalmomi, amma ba su ɗauki ginin tukwane ba. Dalilin bai da wuyar ganewa. Wanda ke bin yanayi yana sauya mazauni a cikin ƙasar kakanninsa, tukunya kaya ce mai nauyi mai saurin fashewa. Yana da akushin itace, da babban ɓawon teku na ɗibar ruwa, da kwandunan saƙa, da ramin gashi da ke dafa nama da saiwoyi ba tare da tukunya ba. Turawan mulkin mallaka sun lissafa rashin tukwane da rashin gonaki irin nasu a cikin hujjojin cewa mutanen ba su waye ba, kuma irin wannan tunani ne ya raya da'awar cewa ƙasar ba ta da mai ita, da'awar da sai a 1992 babbar kotun ƙasar ta soke a shari'ar Mabo. Shi ya sa nake so ki yi hattara da tambayar "sun san tukunya ko ba su sani ba". An daɗe ana amfani da ita wajen ƙwace ƙasa.

Yumɓu kuwa sun san shi sarai. A tafkin Mungo an sami kabarin wani mutum da aka yayyafa wa jar ƙasa kimanin shekaru 40,000 da suka wuce. Farar ƙasa da jar ƙasa da ruwan ɗorawa su ne launukan da ake shafawa a jiki ranar biki, da su ake zane a kan duwatsu da ɓawon itace, kuma ana fatauci da su zuwa wurare masu nisan ɗaruruwan kilomitoci. A yankin kogin Murray, inda dutse ke da wuyar samu, dunƙulen yumɓu ake ƙonawa a sa a ramin gashi don ya riƙe zafi. Wannan gasasshen yumɓu ne, ko da ba tukunya ba ce. A yankin nan dai da na kogin Darling, macen da mijinta ya rasu takan ɗora wa kanta hular takaba ta farar ƙasa, ana ƙara mata shafi a kan shafi har ta yi nauyi, in ta fita takaba a ajiye hular a kan kabarin. Maree Clarke, wata mai fasaha ta jihar Victoria, ta farfaɗo da yin waɗannan huluna a ayyukanta na zamani kan makoki da rashi.

Yadda ginin tukwane na zamani ya shiga hannunsu yana da alaƙa da mu kai tsaye. Michael Cardew, Baturen Ingila da ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, a farkon shekarun 1950, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, ya bar Najeriya a 1965. A 1968 aka gayyace shi ya yi wata 6 a arewacin Ostireliya, a wata cibiya da aka buɗe a Bagot cikin garin Darwin. Wanda ya tsara shirin shi ne Ivan McMeekin na Jami'ar New South Wales, wanda shi ma a hannun Cardew ya koyi aiki a Ingila. Tsarin irin na Abuja ne: a nemo yumɓu a yankin, a koya wa samari juyi a faifai, a gasa da wuta mai tsanani, a fitar da kofuna da kwanuka da butocin shayi na sayarwa. Cikin ɗaliban akwai Eddie Puruntatameri, wanda ya koma gida tsibirin Bathurst, ɗaya daga cikin tsibiran Tiwi, ya kafa Tiwi Pottery a 1972 tare da John Bosco Tipiloura.

Kin san abin da ya faru da aikin Ladi Kwali. An koya mata faifai kuma ta iya, amma abin da ya kai sunanta duniya har hotonta ya hau takardar naira 20 shi ne randunan da ta gina da hannu irin na Gbagyi, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da kada. A Ostireliya ma haka abin ya kasance. Kofi da faranti sun ba da sana'a, kuma ba na raina su, amma aikin ya yi ƙarfi ne a lokacin da maginan suka fara ɗora abin da ke gidansu a kan yumɓun. A tsibiran Tiwi zanen layi da ɗigo na jikin masu rawar biki da na ginshiƙan kabari ya koma jikin tangaran, daga baya ma aka riƙa gina siffofin kakannin farko da yumɓu.

Wadda na fi so ki yi nazari a kanta ita ce Thancoupie, wadda ake kuma rubuta sunanta Thanakupi, sunanta na mishan Gloria Fletcher. An haife ta a 1937 a Napranum kusa da Weipa, a yammacin Cape York, ta rasu a 2011. Malamar yara ƙanana ce kafin ta tafi Sidni a farkon shekarun 1970 ta shiga ajin ginin tukwane a kwalejin fasaha ta East Sydney. Ta sha faɗin cewa a garinsu yumɓu abu ne mai alfarma: na biki ne, maza ke ajiye shi, yara ba sa taɓawa. Ki duba wannan da kyau. Matar da ake cewa mutanenta ba su san yumɓu ba, nauyin da ke kanta shi ne sun san shi har sun kewaye shi da doka, sai da ta yi tunani kafin ta mai da shi sana'a.

Ta fara da kwanuka da tulunan ado kamar kowane ɗalibi, sannan ta tsaya a kan siffa guda wadda aka san ta da ita, wato dunƙulalliyar tukunya kamar ƙwallo, mai ƙaramin baki, ginin hannu, mai kaushin jiki. Tun yumɓun yana ɗanye take tsaga zanen da zurfi, ta cusa baƙin launi a cikin tsagar. Dabbobin labaran mutanenta ne ke kewaye jikin tukunyar, kangaru da jiminar ƙasar da kada da kifaye da tsuntsayen ruwa, kowanne yana shiga cikin ɗan'uwansa. Ba za ki iya ganin zanen duka daga gefe ɗaya ba, dole ki juya tukunyar ko ki zagaya ta, kuma ba inda za ki ce nan ne farko. Wannan abu ne da allon zane mai kusurwa huɗu ba zai ba ta ba, kuma ya dace da labaran da ake bayarwa ana bin ƙasa daga wannan wuri zuwa wancan. A lokacin da take wannan aiki, kamfanin haƙar ma'adinin alminiyam ya riga ya mamaye ƙasar Weipa, masu jin harshensu kuma suna ƙarewa. Tukwanen sun zama ma'ajiyar labaran. A ƙarshen rayuwarta ta tattara kalmomin harshensu na Thaynakwith a littafi, ta kuma riƙa tara yaran garin lokacin hutu tana koya musu. Babbar ƙwallon ƙarfe da ke ƙofar Babban Gidan Zane-zane na Ƙasa a Kanbera, wadda aka kafa a 2010, aikinta ce.

A tsakiyar hamada labarin ya ɗauki wata hanya. Hermannsburg, wadda masu ita ke kira Ntaria, tana kimanin kilomita 130 yamma da Alice Springs. Mishan ce ta Jamusawa mabiya Luther tun 1877, kuma garin Albert Namatjira ne, wanda ya yi suna da zanen duwatsun ƙasarsa da fentin ruwa irin na Turawa. Shi ma an ce masa mai kwaikwayo, sai bayan rasuwarsa a 1959 masana suka dawo suka yarda cewa wuraren da yake zanawa wurare ne da yake da alaƙar gado da su. A 1990 dattawan garin, musamman Fasto Nahasson Ungwanaka, suka nemi a kawo mai koyar da gini, aka kawo Naomi Sharp. Mata ne suka riƙe abin.

Ba sa amfani da faifai. Jan yumɓu suke murzawa kamar igiya, su ɗora zobe a kan zobe, su manne da yatsu, su shafe jikin ya yi sumul. Sai a zana wa tukunyar ƙasarsu ta ƙabilar Arrernte ta Yamma kewaye da ita: jajayen duwatsun MacDonnell, busasshen kogin Finke, fararen itatuwa, sararin sama. A kan murfin kuma a gina siffa, ko aku, ko mujiya, ko ƙadangare, ko doki, ko mutum. Abin da ke kan murfin shi ne mai labarin, jikin tukunyar kuma ƙasar da yake zaune a ciki. Ana gasawa a wuta mai kimanin digiri 1,000 da 'yan kai, abin da ke barin launukan da haskensu. Judith Inkamala ta shahara da tsuntsaye, Irene Entata kuma ta zana rayuwar zamanin mishan yadda ta gan ta.

Wasu masu sharhi suna yi wa waɗannan tukwane kallon kayan tsaraba saboda launinsu da fara'arsu. Ban yarda da su ba, kuma ga hujjata. A 2015 babban gidan zane-zane na jihar Victoria ya nemi matan su yi tukwane a kan ƙwallon ƙafa irin ta Ostireliya, wasan da garuruwan Aborijin ke matuƙar so. Rona Rubuntja, wadda kurma ce kuma da hannu take magana, ta gina Nicky Winmar a kan murfinta. Shi ne ɗan wasan da a 1993, bayan 'yan kallo sun yi ta zaginsa saboda launin fatarsa, ya ɗaga rigarsa ya nuna fatar da yatsa. Mace daga ƙauyen hamada ta ɗauki ɗaya daga cikin ranakun da suka fi tasiri a tarihin wariyar launin fata a wasannin ƙasar ta kafa shi a yumɓu. Tsohon labarin kakanni bai shigo nan ba, amma ba mai shakkar ko na wane ne wannan labarin.

Ernabella Arts da ke Pukatja, a ƙasar mutanen Anangu ta arewacin jihar Kudancin Ostireliya, ita ce cibiyar fasahar Aborijin mafi daɗewa da ba ta taɓa rufewa ba, tun 1948. Tarihinta kaɗai ya isa amsa. Sun fara da kaɗi da saƙar gashin tumaki. A 1971 suka ɗauki rinin batik, wanda ake zane da narkakken kaki kafin a tsoma a rini, sana'ar da asalinta na Indunusiya ne. A 2003 suka buɗe ɗakin ginin tukwane. Kayan aiki sun sauya sau biyu, zanen bai sauya asali ba, domin tushensa al'adar mata ce ta ba da labari ana zane a yashi da yatsa ko tsinke, a shafe, a sake. Da suka zo kan yumɓu sai suka kawo dabarar kakin batik, suka haɗa da ta kankara: a shafa wa tulu ruwan yumɓu mai launi, ya ɗan sha iska, a bi shi da ƙarfe mai tsini ana kankare zane har launin ƙasa ya fito. Hannun da ya saba da yashi bai yi baƙunta a nan ba. Alison Milyika Carroll tana zana labarin 'yan'uwa mata bakwai da suka gudu daga wani namiji suka zama taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Derek Thompson yana zana macijin ruwa mai gadin rijiyoyin duwatsu, kuma shi da Tjimpuna Williams sun je har Jingdezhen, birnin tangaran na Sin, sun yi zane a kan manyan tulunan da maginan can suka gina. Marigayi Pepai Carroll kuwa sai da ya yi doguwar tafiya zuwa ƙasar mahaifinsa ta ƙabilar Pintupi, wadda ya rabu da ita tun yana yaro, dattawan can suka nuna masa wuraren, sannan ya ƙara zurfafa zana ta a aikin da aka nuna a Adelaide a 2017.

Wannan tafiya ta Pepai Carroll ita ce ke nuna dokar da na ambata da farko. A wurinsu labari yana da masu shi. Ana gadonsa ta wajen uba ko uwa ko wurin haihuwa, kuma yana ɗaure da wani dutse ko rijiya ko tudu takamaimai. Mutum ba ya zana labarin da ba nasa ba sai da izini, kamar yadda ba kowane makaɗi ne zai ɗauki tambarin sarki ya buga ba. Akwai kuma sassan labarin da ba a nuna wa bare ko kaɗan, abin da muke gani a jikin tulu shi ne wanda aka yarda ya fita. Wannan doka tana aiki a kan yumɓu daidai yadda take aiki a kan jiki ko ɓawon itace. Idan za a kore tukwane saboda sababbi ne, to sai a kore zanen ɗigo-ɗigo da duniya ta fi sanin Aborijin da shi, domin shi ma a 1971 ya hau allo da fentin kanti a Papunya.

Ba kowa ne ke gina tukunya ba ma. A cibiyar Girringun da ke Cardwell, mutanen dazuzzukan ruwan sama suna gina siffofin da suke kira bagu, waɗanda asalinsu allon itace ne mai siffar mutum da ake murza tsinke a kai a kunna wuta. Penny Evans, 'yar ƙabilar Gamilaraay, tana aiki da siffofin tsirran da gobarar daji ta ƙone da tsage-tsage irin na itatuwan da kakanninta ke sassaƙawa. Tony Albert kuma ba gini yake yi ba: yana tara tsofaffin farantai da tasoshin tokar sigari da masana'antun Turawa suka yi a tsakiyar ƙarni na 20 da hotunan fuskokin Aborijin a ciki, yana jera su a bango don mutane su ga a kan fuskar wa aka riƙa kashe sigari. Tun 2007 gidan zane-zane na Shepparton yake ba da kyauta ta musamman ga masu aikin yumɓu 'yan asalin ƙasar.

Akwai inda shakkarki take da wurin zama, kuma bai kamata a rufe shi ba. Kusan duk cibiyoyin nan a tsofaffin mishan ko matsugunan gwamnati suka tsiro, wuraren da aka tara mutane bayan an raba su da ƙasarsu. Malaman farko baƙi ne, masu saye ma yawancinsu baƙi ne, kuma abin da kasuwa ke so yana tasiri a kan girman tulu da launinsa. Da yawa daga cikin cibiyoyin sayen yumɓu suke yi a kawo musu da mota daga nesa, ga tsadar wuta, ga asarar abin da ya fashe a hanya kafin ya kai birni. Abin da ya rage wa wannan matsala kaifi shi ne cibiyoyi irin su Ernabella da Hermannsburg mallakar masu aikin ne, su ke zaɓen shugabanninsu, su ke ɗaukar manajan da zai yi musu aiki.

Kwaikwayo na gaske yana nan, amma ta ɗaya ɓangaren yake zuwa. Wani rahoton hukumar gwamnatin Ostireliya na 2022 ya nuna cewa biyu cikin uku na kayan tsaraba da ake sayarwa da sunan zanen Aborijin ba su da wata alaƙa da su, kuma kofuna da farantai masu ɗigo-ɗigo suna cikin irin kayan da ake bugawa haka. Saboda haka in za ki kawo misali a aikinki na makaranta, ki tabbatar kin ga abu uku tare da hoton: sunan wanda ya gina, al'ummarsa ko harshensa, da cibiya ko gidan baje kolin da aikin ya fito. Ki kuma guji rubuta "salon Aborijin" kamar abu ɗaya ne, domin harsuna fiye da 250 ake yi a nahiyar kafin 1788, kuma tulun Tiwi da na Pukatja ba su fi kama da juna ba a kan yadda suka yi kama da na wata ƙasa. Idan malaminki ya ce ki gwada dabarar kankara ko ta murfi mai siffa, ki gwada, dabara ta kowa ce. Zanen labarinsu ne ba za ki kwafa ba, sai ki ɗora naki.